Yadda Malaman Musulunci na Da Suka Nazarci Aƙidar Kirista

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da sauran annabawan Allah baki ɗaya.

Bayan haka, mafi yawan masu karanta wannan mujalla tamu ba a gida suke zaune ba. Neman abinci da aikin gwamnati da karatu sun watsa su a Kaduna da Jos da Abuja da Ikko da Fatakwal, inda sau da yawa maƙwabcin mutum na kusa, ko abokin aikinsa a ofis, ko malamin da ke koyar da 'ya'yansa, Kirista ne. Duk wanda ya zauna a irin waɗannan birane ya san cewa ko ba daɗe ko ba jima zancen addini zai taso, ko a teburin mai shayi, ko a cikin mota, ko a wayar salula, wadda ta zama dandalin da kowa ke kafa mumbarinsa. Mun kuma san inda gardamar takan kai idan ta faɗa hannun wanda bai iya ba. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 ya faro ne daga saɓani a kan wani wa'azi a harabar Kwalejin Ilimi ta garin, kafin mako ya zagayo wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙone wuraren ibada, aka yi asarar rayuka.

Wannan muhawara ba yau aka fara ta ba, kuma ba 'yan tasha ne suka fara ta ba. Manyan malaman Musulunci sun shafe ɗaruruwan shekaru suna yin ta, har ta zama fanni mai zaman kansa wanda ake kira raddi ga Nasara. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya yarda da aƙidar Triniti, ko cewa Annabi Isa (A.S.) ɗan Allah ne, ko cewa an gicciye shi. A nan bakinsu ɗaya ne. Abin da ya bambanta gwanayensu da masu gardamar zamaninmu shi ne wahalar da suka ɗora wa kansu kafin su buɗe baki, watau sai sun san abin da abokin muhawara yake faɗa, daga bakinsa da littattafansa, saninsa har ya kai idan suka maimaita masa aƙidarsa zai ce, "I, haka muke cewa." Sannan ne suke fara suka. A lura kuma, kalmar Nasara a bakin Bahaushe ta koma nufin Turawa, amma Nasaran da waɗannan malamai suka yi gogayya da su Larabawa ne da Suryaniyawa da Ƙibɗawan Masar, mutanen da suke ci daga kasuwa ɗaya da su.

Tushen abin yana Madina. Ibn Ishaƙ ya ruwaito cewa tawagar Kiristocin Najran, mutum 60, ta zo wa Manzon Allah (S.A.W.) har cikin masallacinsa. Da lokacin ibadarsu ya yi suka miƙe suka fuskanci gabas, ya ce a ƙyale su. An yi doguwar magana a kan matsayin Annabi Isa, kuma farkon Suratu Ali Imrana, ayoyi tamanin da 'yan kai, a kansu ya sauka. Ba su musulunta ba. Sun koma ƙasarsu da addininsu, da kuma takardar alkawarin aminci a hannu. Aya ta 46 ta Suratul Ankabut, wadda ta yi umarni da kyautata hanya wajen jayayya da ma'abuta littafi, ita ce ƙa'idar da malaman baya suka riƙa komawa gare ta.

Bayan wafatin Manzo, cikin shekaru kaɗan Sham da Iraƙi da Masar suka shiga hannun Musulmi, alhali mafi yawan mutanen waɗannan ƙasashe Kiristoci ne, kuma haka suka ci gaba da zama har ƙarnoni. A fadar halifofi akwai magatakarda da likitoci Kiristoci. A shekara ta 781, a Bagadaza, Halifa Mahdi ya zaunar da shugaban Kiristocin Gabas, Timotawus na Ɗaya, suka yi kwana 2 suna muhawara: yaya Allah zai haifi ɗa, yaya uku za su zama ɗaya, me kuke cewa game da Muhammadu? Timotawus ya amsa ta ƙarshen da ladabi, ya ce Annabi ya bi tafarkin annabawa, amma bai saki addininsa ba. Labarin zaman daga alƙalamin Timotawus ɗin ya zo mana, saboda haka ba abin mamaki ba ne da amsoshinsa suka fi tambayoyin halifa tsawo. Ya koma gidansa lafiya, ya ci gaba da shugabanci har rasuwarsa a 823. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, wannan halifa ne ya sa wannan Timotawus ya fassara masa littafin Aristotal, masanin falsafar Girka, wanda ke koyar da dabarun kafa hujja a muhawara. Watau abokin gardamarsa ya ba kwangilar ƙera masa makamin da zai yi gardamar da shi.

Abu na farko da malamanmu suka gane shi ne Kiristoci ba abu ɗaya ba ne. Taron Nikiya na shekara ta 325 ya tsai da cewa Ɗa da Uba zatinsu ɗaya. Tarurrukan Afisa a 431 da Kalsidon a 451 kuwa sun raba su gida uku a kan yadda allahntaka da mutuntaka suka haɗu a jikin Almasihu. Malkaniyawa, watau masu bin ra'ayin sarkin Rum, suka ce ɗabi'a biyu ce a cikin mutum ɗaya. Ya'aƙubawa suka ce bayan haɗuwar ɗabi'a ɗaya ce. Nasɗurawa, ƙungiyar Timotawus, suka fi kowa tsananta rarrabe ɗabi'un biyu, har ba sa yarda a kira Nana Maryama uwar Allah.

Ba wanda ya kai Abu Isa al-Warraƙ, mutumin Bagadaza na ƙarni na 9, ƙwarewa a wannan rarrabewa. Littafinsa na raddi ga ƙungiyoyin uku ya buɗe ne da shimfiɗa aƙidarsu ba tare da suka ko guda ba: ga abin da suka haɗu a kai, cewa Allah jauhari ɗaya ne, watau zati ɗaya, mai uƙnumi uku, Uba da Ɗa da Ruhu; ga inda suka rabu; ga irin misalan da kowace ƙungiya ke bugawa. Bai ce musu suna bauta wa alloli uku ba, domin ya san za su musa, kuma da gaskiyarsu, ba haka suke faɗa ba. Hanyar da ya bi ita ce wadda malaman tauhidi ke kira ilzami, watau ka ɗauki maganar mutum ka bi ta sawu-sawu har ka nuna masa inda za ta kai shi. Yakan tambaya: shin uƙnuman nan uku su ne jauharin, ko wani abu ne daban? In su ne shi, to yaya abu ɗaya zai zama uku ta fuskar da yake ɗaya? In kuma daban ne, to an samu huɗu ke nan. Sa'an nan ya juya ga gicciye: wane ne ya mutu, allahntakar ko mutuntakar? Kowace ƙungiya ya yi mata tambayar da ta dace da nata ra'ayi, bai ɗora wa Banasɗure laifin Baya'aƙube ba. Tsananin adalcinsa wajen bayyana aƙidun wasu, musamman na masu cewa haske da duhu su ne tushen halitta, ya jawo masa zargin zindiƙanci a wurin 'yan'uwansa Musulmi, littattafansa suka ɓace. Wanda ya tserar mana da wannan raddi Kirista ne, Yahaya ibn Adi, Baya'aƙube, almajirin Farabi, wanda ya rasu a 974. Da ya tashi mayar da martani sai ya riƙa kwafo maganar al-Warraƙ sakin layi bayan sakin layi, yana amsawa a ƙarƙashi. Ta hannunsa kuma ɗan gajeren raddin da Alkindi ya yi wa Triniti ya tsira. Yau da Yahaya ya taƙaita maganar abokin hamayyarsa yadda ya ga dama, da babu abin da za mu karanta.

Su ma Kiristocin ba a zaune suke ba. Malamansu da suka fara rubutu da Larabci, irin su Abu Ƙurra da Abu Ra'iɗa da Ammar al-Basri, sun saurari gardamar da Musulmi ke yi a tsakaninsu a kan sifofin Allah, suka ce to ai ga ƙofa. Kun ce Allah Rayayye ne, Mai magana ne. To rayuwarSa ita ce Ruhu, maganarSa ita ce Ɗa, ga Triniti ya fito daga bakinku. Wannan hujja ce mai kaifi, kuma amsar da ta fi shahara ta fito ne daga wani Bamalike ɗan'uwanmu a mazhaba, Alƙali Abubakar al-Baƙillani, wanda ya rasu a 1013. A cikin littafinsa Tamhid ya tambaye su dalilin tsayawa a kan uku. In rayuwa da magana sun cancanci zama uƙnumi, me ya hana iko? Duk wanda ya haddace sifofi 20 a makarantar zaure zai gane ƙarfin tambayar nan take, domin bayan rayuwa da magana akwai iko da nufi da sani da ji da gani. Wannan Baƙillani shi ne Adududdaula ya aika jakada zuwa Ƙusɗanɗiniyya, fadar sarkin Rum, a shekara ta 371 bayan Hijira. Masu tarihi sun kawo cewa an gajarta ƙofar shiga don ya sunkuya wa sarki dole, shi kuwa ya juya ya shiga da baya. Mutane sun fi riƙe wannan labari saboda daɗinsa, amma aikin malamin na gaske yana cikin shafukan Tamhid.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗanda suka musulunta daga Kiristanci sun kawo wa fannin abin da ba ya samuwa daga waje. Aliyu ibn Rabban aɗ-Ɗabari, likita, marubucin littafin magani Firdausul Hikma, ya musulunta yana da kimanin shekara 70, ya rubuta raddi ga tsohon addininsa, sa'an nan a cikin Kitabud Dini wad Daula ya tattara nassoshi fiye da 100 daga littattafan annabawan Bani Isra'ila da Linjila waɗanda yake ganin bushara ce da zuwan Annabi Muhammadu. Ya san Suryanci, saboda haka daga tushe yake ɗebowa. Mafi yawan ayoyin da masu wa'azinmu ke kawowa a kan wannan batu shi ya riga su tsamowa fiye da shekara 1,100 da suka wuce.

Ba zan ɓoye wa mai karatu cewa zamanin yana da nasa duhun ba. Ɗabari ya yi rubutunsa ne a ƙarƙashin Halifa Mutawakkil, wanda a shekara ta 850 ya tilasta wa Kiristoci da Yahudawa sa tufafi masu alama, ya kuma taƙaita ba su aikin hukuma. A wannan yanayi ne Jahiz, gwanin adabin Basra, ya rubuta tasa wasiƙar raddi. Rabinta ba tauhidi ba ne, nazarin zaman jama'a ne: yana tambayar me ya sa talakawan Musulmi suka fi sakin jiki da Kiristoci a kan Yahudawa, ya amsa da cewa a cikinsu ake samun magatakardan sarakuna da likitoci da masu turare da 'yan canji. Akwai basira a ciki, akwai kuma ƙyashi. Duk lokacin da alƙalami ya jingina da bulalar mai mulki, hujjarsa takan yi rauni ko da gaskiya ce, domin wanda ake yi wa raddi ba shi da sararin amsawa.

Batun da ya fi raba kan malamanmu shi ne tahrifi, watau canjin da Alƙur'ani ya ce an yi wa littattafan da suka gabata. Shin kalmomin ne aka canza, ko ma'anarsu aka karkatar? Yawancin mutanenmu sun ɗauka magana ɗaya ce a nan, alhali biyu ne. Jagoran masu cewa nassin kansa ya lalace shi ne Ibn Hazm na Ƙurɗuba a Andalus, wanda ya rayu daga 994 zuwa 1064. A cikin babban littafinsa al-Fisal ya ɗauko ma'aunin malaman hadisi ya ɗora a kan Linjila: wa ya ruwaito, daga wa, mutum nawa, akwai yankewa ko babu? Ya nuna cewa Kiristoci da kansu ba sa cewa an saukar wa Annabi Isa waɗannan littattafai huɗu, suna cewa ne Matiyu da Markus da Luka da Yahaya suka rubuta su a lokuta dabam-dabam. Sa'an nan ya jera su kafaɗa da kafaɗa yana ƙirga saɓani. Alal misali, Matiyu ya bi da nasabar Yusufu, mijin Maryama a wurinsu, ta kan Sulaimanu ɗan Dawuda, ya ce sunan mahaifinsa Yaƙubu, Luka kuwa ya bi da ita ta kan Natan ɗan Dawuda, ya ce sunan mahaifin Heli. Aiki ne na mai ido, kuma ya riga masu binciken nassi na Turai da ɗaruruwan shekaru. Sai dai harshensa ya ɓata masa aiki. Zagi ne yake bin kusan kowace hujja, har aka riƙa cewa harshen Ibn Hazm da takobin Hajjaju 'yan'uwan juna ne. Bai bar malaman Musulmi ma ba, kuma ya ga an ƙone littattafansa a Ishbiliya da ransa.

A gwada shi da Abu Raihan al-Biruni, wanda suka yi zamani ɗaya, shi a can gabas. A cikin al-Asarul Baƙiya, littafin da ya rubuta wajen shekara ta 1000 a kan kalandar al'ummomi, Biruni ya ga wannan saɓanin nasaba, ya ambace shi. Amma bai tsaya nan ba, sai da ya kawo amsar da Kiristoci ke bayarwa tun da daɗewa, cewa a shari'ar Bani Isra'ila idan mutum ya mutu bai haihu ba ɗan'uwansa kan auri matarsa, ɗan da aka haifa a jingina shi ga mamacin, don haka Yusufu yana da uba na jini da uba na shari'a. Mai karatu yana iya gamsuwa ko ya ƙi, amma an ba shi duka biyun. Haka ya bi bukukuwan Malkaniyawa da na Nasɗurawa wata bayan wata, da yadda suke lissafin azuminsu. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, shi ma ya gindaya wa kansa sharaɗi a farkon al-Milal wan Nihal cewa zai kawo aƙidar kowace ƙungiya yadda ya same ta a littattafanta. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Mu da muka yi aikin koyarwa mun san cewa malamin da ya ba da maki a takardar da bai karanta ba ya ci amana, ko da makin ya zo daidai.

Ɗaya ɓangaren kuwa suka ce a bar nassin yadda yake, a yi magana a kan fassararsa. Misali mafi kyau shi ne ar-Raddul Jamil, wanda ake jingina wa Imam Gazali, ko da yake masana sun yi saɓani a kan ko shi ne ya rubuta shi. Marubucin ya ɗauki Linjilar Yahaya, wadda Kiristoci suka fi kafa hujja da ita a kan allahntakar Almasihu. Inda Almasihu ya ambaci kasancewarsa ɗaya da Uba, sai ya haɗa shi da inda ya yi addu'a almajiransa su ma su zama ɗaya kamar haka, ya ce in na biyun majazi ne, na kusanci da biyayya, to na farkon ma haka. Sa'an nan ya tara wuraren da Almasihu ya ji yunwa, ya yi addu'a, ya ce bai san lokacin tashin alƙiyama ba, ya ce waɗannan su ne za a ɗauka a zahirinsu. Fahrud Din ar-Razi ma a wurare cikin tafsirinsa ya karkata ga cewa canza kalmomin littafin da ya riga ya bazu a duniya abu ne mai wuya. A ganina wannan hanya ta fi kaiwa ga kunnen Kirista, domin ba ta fara da ce masa littafinsa na jabu ne ba. Alƙali Abduljabbar, Bamu'utazile, ya bi wata hanya ta uku a Tasbitu Dala'ilin Nubuwwa, wanda ya rubuta a 995, ita ce ta tarihi. Ya bi diddigin yadda kaciya da alƙibla da haramcin naman alade suka fita daga addinin bayan Annabi Isa, ya ɗora alhakin a kan Bulus da Sarki Ƙusɗanɗin, yana ganin al'adun Rumawa ne suka rinjayi addinin.

Da yaƙoƙin 'yan Salibi suka zo, aka karɓe Ƙudus a 1099, sai murya ta ƙara kauri a ɓangarorin biyu. Wani bishof na Saida mai suna Bulus na Antakiya ya rubuta wata gajeriyar wasiƙa mai ladabi da wayo zuwa ga wani abokinsa Musulmi, inda ya yi amfani da ayoyin Alƙur'ani don nuna cewa an aiko Annabi ne ga Larabawa kaɗai, kuma Alƙur'ani ya yabi Almasihu da Linjila da sufayen Kirista. Shihabud Din al-Ƙarafi, babban Bamaliken Masar wanda ya rasu a 1285, ya amsa ta a cikin al-Ajwibatul Fahira da kakkausan harshe. Amma wannan Ƙarafi ɗin shi ne a cikin al-Furuƙ ya zayyana haƙƙin Kirista da Bayahude da ke zaune cikin amanar Musulmi: a ciyar da mai yunwarsu, a tufatar da marar tufa, a yi musu magana mai laushi, a kare mutuncinsu a bayan idonsu. Bai ga karo tsakanin littattafan biyu ba.

Daga baya wani a tsibirin Ƙubrus ya gyara wasiƙar Bulus, ya ƙara mata ayoyi, aka aika wa Ibn Taimiyya a Dimashƙa a 1316. Amsarsa ita ce al-Jawabus Sahih, raddi mafi girma da aka rubuta a wancan zamani, mujalladai da dama a bugun yau. Mutane da yawa suna ambaton sunan littafin, kaɗan ne suka lura da yadda aka gina shi. Yakan kawo maganar wasiƙar yanki-yanki da lafazinta kafin ya amsa. Da ya zo tarihin tarurrukan coci, sai ya kwafo shafuka masu yawa daga tarihin Sa'id ibn Baɗriƙ, shugaban Malkaniyawan Iskandariyya wanda ya rasu a 940, don kada a ce ƙage ya yi. A kan tahrifi ma bai bi Ibn Hazm har ƙarshe ba, ya tsaya a tsakiya, yana ganin canjin ma'ana ya fi na lafazi yawa. Shi ne kuma ya ba da labari, a wasiƙarsa zuwa ga wani basaraken Ƙubrus, cewa lokacin da Mangolawa, waɗanda littattafan Larabci ke kira Tatar, suka kwashi bayi a Sham, ya je neman a sake su. Aka ce za a ba shi Musulmi kawai. Ya ce ba zai bar fursuna ko ɗaya ba, Musulmi ne ko Kirista ko Bayahude, domin suna cikin amanarmu.

Shin ya halatta Musulmi ya karanta waɗannan littattafai ma tukuna? Wannan tambaya ta tayar da ƙura a Alƙahira a ƙarni na 15, lokacin da Burhanud Din al-Biƙa'i ya riƙa kawo dogayen nassoshi daga Attaura da Linjila a cikin tafsirinsa Nazmud Durar. Sahawi da wasu suka yi masa ca, suna kafa hujja da hadisin da Manzo ya nuna ɓacin rai da ya ga Sayyidina Umar da takardar Attaura. Biƙa'i ya rubuta littafi guda don kare kansa, ya kawo hadisin da ya yi izinin ba da labari daga Bani Isra'ila, ya jero malaman da suka riga shi yin haka. Kafin shi ma Najmud Din aɗ-Ɗufi, Bahambale, wanda ya rasu a 1316, ya rubuta sharhi sukutum a kan Linjila huɗu. Abin da za a fahimta daga rigimar shi ne, ba aikin kowa ba ne. Duk waɗanda na ambata sai da suka ƙoshi da Alƙur'ani da fiƙihu da tauhidi da manɗiƙi kafin su leƙa gidan maƙwabci.

A kwalejin horon malamai, idan lokacin darasin addini ya yi, mukan rabu biyu, Musulmi su shiga wannan aji, Kiristoci su shiga wancan, a dawo a ci abinci a kwano ɗaya ba wanda ya san abin da aka koya wa ɗan'uwansa. Abin da yawancin tsararmu suka sani game da Kiristanci daga kaset ɗin Ahmad Deedat na Afirka ta Kudu suka same shi, a shekarun 1980 da 1990. Deedat, wanda ya rasu a 2005, ya ɗebo da yawa daga Izharul Haƙƙ na Rahmatullah al-Hindi, wanda ya yi muhawara da wani ɗan mishan a Agra a 1854, don haka yana da jijiya a tsohon fannin. Amma dandalin muhawara tafi yake nema, kuma guntayen bidiyon da yara ke turawa a waya ko rabin abin da Deedat ya sani ba su ɗauke da shi. Maƙwabcinka a Kaduna ko Jos, ɗan Katolika ne ko Angilika ko ECWA ko COCIN, a kan ɗabi'ar Almasihu ra'ayin Kalsidon cocinsa ke bi, watau na Malkaniyawa. Wanda ya tunkare shi da hujjar da aka ƙera don wata ƙungiya, ko ya ce masa yana bauta wa Maryama alhali shi ɗan ECWA ne, ya nuna masa tun daga farko cewa bai san da wa yake magana ba.

Kada kuma a zaci wannan ilimi bai ƙetaro Sahara ba. Littattafan tauhidi na Imam Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, waɗanda aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, sun taɓo aƙidar Nasara da irin ma'aunin su Baƙillani. A watan Maris 1824 wani Baturen Birtaniya, Kyaftin Kilafaton, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdullahi, ya isa Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Shi da kansa ya rubuta cewa Bello ya san sunayen tsofaffin ƙungiyoyin Kirista, har ya tambaye shi ko mutanen ƙasarsa Nasɗurawa ne ko Sosiniyawa, wata ƙungiya a Turai da ta ƙi yarda da Triniti. Baƙon ya rasa ta cewa, ya amsa da cewa su Furotestan ake kiransu. Bello ya ci gaba da jero tambayoyi har Baturen ya ce shi bai yi zurfi a waɗannan mas'aloli ba. Da ya dawo a 1826, cikin kyautar da ya kawo akwai littattafan Larabci, har da Linjila da Zabura da littafin lissafi na Uƙlidis, Bello kuwa ya karɓa. Wannan zuwa na biyu bai yi armashi ba, domin Sakkwato tana yaƙi da Barno, aka hana baƙon wucewa can, aka karɓe wasiƙar da yake ɗauke da ita zuwa ga Shehu Laminu. Ciwo ya kwantar da shi, ya rasu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu 1827. Baransa Landa ya nemi izinin binne shi bisa al'adar addininsu, Sarkin Musulmi ya ba da izini, ya kuma aika mutanen da suka haƙa kabarin a wani ƙauye kusa da birnin, inda Landa ya tsaya shi kaɗai ya karanta wa maigidansa addu'ar cocin Ingila.